Abin da Mai Tsadar Ya Jiyo a Dugabau

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya wallahi. Mutum ya sayi kwamfuta ta hannu, ya saƙala makirfo a ƙofar wadirob, ya toshe taga da katifar ƙanwarsa, washegari ya buga kati ya rubuta injiniya a ƙasan sunansa. Ban hana ku ba. Ni ma da an yi wannan sauƙin a zamanina da ban tsufa da wuri haka ba. Amma tunda kullum in kun shigo shagon nan sai kun shafa wannan baƙin akwatin, kuna tambayata me ya sa nake ajiye shi kusa da wancan ɗan ƙaramin na roba, to ku zauna ku ji. Kai, matsar da kofin shayin nan daga kan waya tukuna.

Su biyun duk firiyam ne, aikinsu ɗaya. Abin da ke fitowa daga makirfo ɗan mitsitsi ne, ko kwamfuta ba ta jin sa. Firiyam ne yake ɗaga shi ya ba shi ƙarfi. Na robar nan a Kano na saye shi, a aljihun riga na taho da shi Gwarzo. Baƙin kuwa a Kwatano na samo shi, wurin wani sutudiyo da aka rufe, na ɗora shi a cinya tun daga can har gida, ƙafata ta yi kwana biyu ba tawa ba. Kuɗinsa zai sayi bijimi mai kyau, shi ya sa har yau uwargida in ta wuce shi sai ta harare shi.

Kada wani ya ruɗe ku, mai arahar ba abin banza ba ne. Na ɗauki kalangu da shi a wani biki a garin Jama'a, na ɗauki tallan maganin shawara, na ɗauki waƙar siyasa ta wannan ɓangaren da safe, ta wancan da yamma, duk ba wanda ya kawo ƙorafi. In mai magana yana da murya, kaɗan za ka murɗa abin ƙara ƙarfin, ya wadatar. Inda yake tona wa kansa asiri shi ne in muryar ƙarama ce. Kana murɗawa kana murɗawa, kana wuce rabi sai ka fara jin shuuu, kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Ka ƙara, shuuu ɗin ya ƙaru tare da muryar, su taso tare, babu mai barin wani. Mai tsadar kuwa ka murɗa shi har ƙarshe, shiru yake, sai abin da ke cikin ɗakin kawai. Matsalarsa ba ya rufa wa kowa asiri. Ya taɓa ɗauko min kukan cikin wani mawaƙi da ya zo da azumi, da firjin mai kanti na bayan katanga, da tsakar da ke kan silin. Akwai wata 'yar amshi da ta ji muryarta a cikinsa ta ce na'urata ta lalace, in mayar da ita kan ƙaramin.

Maigidana da na koyi aiki a wurinsa a Sabon Gari, Allah ya jiƙansa, mako guda ya zaunar da ni a ɗaki ba kowa, da hedifon a kunne, makirfo a buɗe. In ya dawo sai ya ce me ka ji. In ce ban ji komai ba. Ya ce koma. Sai a kwana na huɗu na fara kawo masa fanka, da famfo, da jirgin ƙasa can nesa, da bugun jinina a kunnena. Daga wurinsa na ɗauko al'adar nan, duk aikin da na gama sai na bar na'ura ta ci gaba da ɗaukar shirun ɗakin na minti guda, in riƙe numfashina gwargwadon iko. Na yi aiki a Maraɗi, na yi a Agadas, na yi a Injamena da Kumasi, ko'ina haka nake yi. Kowane ɗaki da irin shirunsa.

Akwai shekarar da tsawa ta faɗa kan turken wuta na bakin layinmu, ta bi waya ta shigo ta ƙone min mai tsada na farko, tun kafin wannan. Na buɗe shi na tarar da cikinsa kamar ƙanzon tukunya. Shekara guda cur da na roba nake aiki, kuma abin haushi kusan ba wanda ya gane. Sai wani alaramma daga Masanawa da ya zo ɗaukar tilawa, mai karatu a hankali ƙasa-ƙasa. Ya saurara ya ce, Malam Sani, akwai iska a cikin karatuna, ni kuwa ban karanta da iska ba. Ya naɗe buzunsa ya tafi. Tun da na samo baƙin nan nake raba wayar makirfo biyu, ɗaya ta shiga mai tsada, ɗaya ta shiga mai araha, in ɗauka a lokaci guda. Ko ɗaya ya ci amanata, ɗayan yana nan.

To, aikin da nake son ba ku labari, a wani ƙauye ne bayan Dugabau, bayan an gama girbi. Wata dattijuwa ce ta zo har nan, ta zauna a kan bencin da kuke kai. Goggo Ladi ake ce mata. Mun daɗe muna gaisawa, gida da gajiya da hanya da amfanin gona, kafin ta shigo maganar. Mijinta Malam Isa ya rasu. Gonarsa tana haɗe da ta ƙaninsa Alhaji Haruna, tun asali gonar mahaifinsu ce guda ɗaya, shi ya raba musu da ransa. A tsakani akwai ɗan kwari da rijiya, kuma a nan take shuka albasa da rani, da ita take ci da kanta da jikoki uku. Yanzu Alhaji Haruna ya ce rijiyar a ɓangarensa take, yayansa aro yake yi. In ta rasa rijiyar, sauran gonar tudu ce, sai damina.

Ba takarda. Mutum ɗaya ne ya rage cikin waɗanda suka taka iyakar ranar da aka raba, wani tsoho Baba Tukur, asalinsu makiyaya ne, abokin mahaifinsu. Shi kuma ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya, sai raɗa, raɗar ma sai ka ɗora kunnenka a bakinsa. An gwada. Mutumin Goggo ya sa kunne ya fito ya ce tsoho ya ce rijiya ta Isa ce. Mutumin Alhaji ya sa kunne ya fito ya ce tsoho ya ce ta Haruna ce. An gwada da waya, ba a ji komai ba sai kaji. Alhaji ya yi tafiya sai bayan sati biyu, tsoho kuma kowa na ganin ba lallai ya kai ba. Shi ne mai unguwa ya ce a nemo mai na'ura daga wani gari, wanda ba ruwansa da kowa, ya shiga shi kaɗai, shaidu biyu su zauna a bakin ƙofa daga waje, kuma kada a yanke komai daga abin da aka ɗauka.

Na ɗaure kaya a bayan babur, da batirin mota, don janareta ba ya zama inda ake ɗaukar raɗa. Na isa da hantsi, amma kafin a gama gaisuwa, a kore kaji, a roƙi matan maƙwabta su dakata da daka, rana ta take tsaka. Kun san irin shirun ƙauye a wannan lokacin. Maza suna gindin bishiya, ko tunkiya ba ta motsi. Ɗakin ƙasa ne, ƙofa ɗaya, ba taga, sai wata 'yar kafa a sama da haske ke shigowa kamar igiya. Gadon kara, buta, sanda a jingine. Na duba ƙarƙashin gado ma, ba don wani abu ba, wurin da zan bi da waya nake nema. Ba kowa sai ni da shi.

Baba Tukur ya ƙare sai ido da hanci. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga yatsa biyu. Na kawo makirfo daf da leɓensa, na ce Baba, ka faɗi iyakar kamar yadda aka taka ta a gabanka, ba sauri. Ya lumshe ido.

Na fara sa kunne a mai arahar. Na murɗa, na murɗa, shuuu ya cika min kai, muryar tsohon tana ciki kamar mutum yana kiranka daga ƙetaren kogi. Na mayar da hedifon kan baƙin, na murɗa shi kusan ƙarshe. Sai ga tsoho tas, har ƙarar harshensa in ya rabu da ganda. Ya ce daga tsamiyar hanya. Ya yi shiru. Ya ce a miƙe gabas zuwa suri. Ya yi shiru. Ya ce daga suri a bi gamba har kututturen gawo.

A shiru na uku ne na lura cewa shirun ba shiru ba ne. Kafin ya faɗi kowace gaɓa, akwai wata murya da take riga shi faɗa. Can ƙasa take, ta fi tasa kauri, kuma ba daga gaban makirfo take zuwa ba, kamar daga bayan kansa, wajen bango. Ta ce kututturen gawo zuwa ɗinya, ka riƙe. Sai Baba Tukur ya ce kututturen gawo zuwa ɗinya. Kowace gaɓa sai ta rufe da ka riƙe. Shi ba ya maimaita wannan.

Na cire hedifon. Ba komai, ko raɗar tsohon da kyar nake ji. Na mayar. Tana nan.

Yanzu ga kuskurena, kuma kuskuren duk mai wannan sana'a ne. Idona yana kan allurar da ke nuna ƙarfin sauti. An koya mana ka kalli allura kada ta shiga ja, hannunka a kan abin murɗawa. Da na ɗaga kai na kalli bakinsa a lokacin da muryar take magana, da yau ina da amsar da zan ba ku. Ban ɗaga ba. Kuna iya cewa aiki ne ya hana ni, ni ma haka nake gaya wa mutane.

Muryar ta ce rijiya da kwarinta na Isa ne, Haruna ya shayar da dabba, kada a hana shi, ka riƙe. Tsoho ya maimaita. Ya buɗe ido ya ɗaga yatsa alamar ya gama. Na bar na'ura tana tafiya don in ɗauki shirun ɗakin yadda na saba, na riƙe numfashina. Na ji numfashin tsoho, gajere mai ƙara. Na ji wani kuma, dogo, a natse, irin na mai lafiya da ya zauna yana jira. Na ƙirga har ashirin na ce minti ya cika.

Da na fito shaidun nan biyu suka ce yaya, na ce an samu. Aka kawo min fura na sha a tsaye.

A shago na bi duk abin da mai hankali zai bi. Na ce ko rediyo ce waya ta jawo, don doguwar waya tana yin haka, na taɓa ɗaukar wa'azi a Agadas labarun duniya suka shigo ciki. Amma wace tasha ce ta san kututturen gawon bayan Dugabau? Na ce ko wani ne ya laɓe a bayan ɗaki. Bangon ƙasa ne mai kaurin kamu biyu, kuma daga inda shaidu suke zaune suna hangen bayan ɗakin. Na saurari na mai arahar. Muryar ba ta ciki ko kaɗan, shuuu ya shanye ta. Sai dai ya shanye rabin maganar tsohon ma. Kana jin tsamiya, kana jin suri, amma a daidai wurin rijiya sai ka rantse ya ce Isa, wani ya rantse bai ce ba. Wato mun koma inda aka fara.

Kwana tara bayan nan Baba Tukur ya rasu, Allah ya gafarta masa. Ba zancen a sake ɗauka.

Ga inda na tsaya. In na kai na mai arahar, ba ya raba gardama, kuma Alhaji ya fi Goggo baki a gari. In na kai na mai tsadar, duk mai kunne zai ce an zauna a bayan tsoho ana gaya masa abin da zai faɗa, shaida ta rushe, rijiya ta tafi, ni kuma in zama mutumin da aka saya. Yanke muryar ba wuya, ko ku za ku iya, tana zaune ne a tsakanin maganganunsa, ka zana ka goge. Na zana har sau biyu. Amma an ce kada a yanke, kuma na amsa a gaban mutane. Na aika aka gaya wa Goggo cewa akwai abu a ciki da zai iya juya mata, ta aiko cewa ita abin da tsoho ya faɗa take so a ji, in kawo yadda yake.

Ranar zaman, bayan la'asar, a zauren mai unguwa. Dattawa sun cika tabarmi, liman yana gefe, Goggo tana daga soro na ciki inda take jin komai. Alhaji Haruna ya zo da farar shadda, mutum mai fara'a, har yana tsokanata wai an ce na zo da akwatin da ke jin maganar tururuwa. Na ce Alhaji, har gulmarsu.

Na fara sa musu na mai arahar a lasifika. Aka yi ta karkata kai. Alhaji ya ce shi dai ruwan sama ya ji, Allah ya ba mu damina mai albarka. Aka yi dariya. Na ce akwai na biyu, kuma ina roƙon a saurara har ƙarshe kafin a tambaye ni komai.

Na kunna na mai tsadar, ba a kai suri ba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Wa ke gaya masa?"

Na ce ban sani ba.

"Ba kai kaɗai ka shiga ba?"

Na ce ni kaɗai. Shaidu suka ce shi kaɗai, kuma ba wanda ya raɓi ɗakin. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai waɗannan na'urorin ba abin da ba a haɗawa da su yanzu, kuma gaskiyarsa ne. Na ga rijiyar Goggo tana tafiya a kan idona. Abin da ya zo min kawai shi ne na miƙa wa Alhaji hedifon, na ce lasifika tana cinye ƙananan abubuwa, ya ji da kunnensa, in ya gane mai muryar ya faɗa a kamo shi, ni ma ina son sani.

Ya ture hula ya sa. Na mayar farko.

Ina kallon fuskarsa, wannan karon ba allura a gabana. Da farko murmushin nan yana nan. Wajen gamba murmushin ya tafi. Ya sa tafin hannu ya danne hedifon ɗin a kunne. Da aka zo ɗinya sai na ga leɓensa yana motsi, yana faɗin ka riƙe tare da muryar, daidai lokacin da take faɗa. Ya yi min alama in mayar. Na mayar. Sau uku. A na ukun ya bar shi ya wuce har shirun ƙarshe, inda numfashin nan biyu suke, ya saurara har ya ƙare, bai cire ba sai da na taɓa gwiwarsa.

Mai unguwa ya ce Alhaji, ka gane shi?

Alhaji ya miƙo min hedifon. Ya juya wajen wani tsoho da ke jingine da bango, ya ce, "Kawu, wa ka sani da ba ya aiken mutum ko kasuwa sai ya ce masa ka riƙe?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Biyu daga cikin dattawan suka kalli juna. Sai a lokacin na san cewa mahaifin Alhaji da Malam Isa ne mai wannan maganar, mutumin da ya rasu tun ina koyon naɗe waya a Sabon Gari.

Liman ya yi gyaran murya ya ce kada a tafi da nisa. Ya ce mamaci ba ya dawowa. Mutanen da, in aka ba su amana, da muryar mai ba su suke haddace ta, kuma ba mamaki Baba Tukur ne yake fara jawo maganar daga ƙirjinsa yadda aka faɗa masa, sannan ya maimaita da bakinsa. Ya tambaye ni ko na ga leɓensa. Na ce idona yana kan aiki. Ya ce to, Allah ne masani. Magana ce mai kyau, kuma ita na fi so in riƙa. Ban tayar da zancen numfashi ba, shi ma Alhaji bai tayar ba.

Alhaji ya gyara hularsa. Ya ɗaga murya kaɗan yadda za a ji a soron ciki.

"Yaya, rijiya taku ce. Shanuna za su riƙa sha."

Daga ciki aka ce, "Dama ba a taɓa hana su ba."

Aka shafa fatiha. Alhaji ya fita bai tsaya sallama da kowa ba, takalminsa ma a hannu ya ɗauka sai da ya kai waje.

Ina naɗe waya Goggo Ladi ta leƙo, ta yi ta sa albarka, ta ce a kai min kwandon albasa in ta yi. Na ce Goggo, ke ba ki ji da hedifon ba, ga shi, surukinki ne ake cewa, ko za ki gane shi. Ta kalli abin a hannuna, ta kalli baƙin akwatin, ta ja mayafinta baya kada ya taɓa shi.

"Malam Sani, ni ce zan riƙa shiga kwarin nan ni kaɗai da rana tsaka ina jan ruwa. Bar shi a akwatinka."